Ciwon Dajin Harshe Da Hanyoyin Da Yake Bi A Ɓoye

A wannan mako ina neman izininku in jingine maganar siyasa da ta tsadar abinci, waɗanda muka saba tattaunawa a wannan fili, domin in kawo muku wata magana da ta same ni a cikin gida. Magana ce a kan wata 'yar takarda guda, wadda rubutun da ke cikinta bai cika shafi ɗaya ba, amma ta kusa raba kan zuriyarmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya ta cikin garin Gombe.

Ina da wani baffa, ƙanen mahaifina, tela ne, ya ba shekara 60 baya. Ya sha taba sigari wajen shekara 30 kafin Allah ya yaye masa. A farkon shekarar 2024 wani ɗan miki ya fito masa a gefen harshe ta hagu, daidai inda wani haƙorinsa da ya gutsure yake gogar wurin. Duk wanda ya nuna wa sai ya ce ai dama tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya kurkure da jiƙon bagaruwa, ya shafa zuma, ya sayi ƙwayoyi iri-iri a kemis. Miki dai yana nan, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, sai dai gefensa ya yi tauri kamar bakin faifai. Bayan wata uku kunnen hagu ya kama ciwo, aka ɗiga magani, aka leƙa kunne aka ga lafiyarsa lau. Abin da ya tsorata shi har ya yarda aka tafi babban asibiti shi ne ranar da ya kurɓi shayi, ya ji zafinsa a gefen dama na harshe, bai ji kome ba a gefen hagu.

A can aka gutsuri tsoka kaɗan daga mikin aka kai ɗakin awo, sakamako ya fito aka ce ciwon daji ne, watau sankara. Ba sai na ba ku labarin koke-koke ba, da masu cewa jifa ne, da masu rantsuwa cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fantsama. Baffa da kansa ya yanke magana, ya ce a yi aiki. Aka yi masa fiɗa a watan Yuli, aka yanke wani sashe na harshen, aka kuma buɗe wuyansa ta hagu aka kwashe kaluluwar da ke wurin, alhali kuwa ko da lalube ba a jin wani kumburi a wuyan. Wannan ma sai da ya jawo gunaguni. Amma da yake aiki ya yi kyau, cikin kwana goma ya fara shan kunu da bakinsa, sai murna ta danne gunaguni, aka yi sadaka, 'yan dubiya suka yi ta sintiri.

Mako biyu bayan aikin sai ga takardar da nake magana a kanta, watau sakamakon awon naman da aka cire. Likita ya karanta, ya ce lalle sai an yi wa Baffa gashi da na'ura har tsawon mako shida, kuma kada a yi jinkiri. Nan fa ake yin ta. Babban ɗansa, wanda yake yaya ne a gare ni, kuma shi ke ɗauke da yawancin ɗawainiya, ya ce, "Ba su ne suka ce sun cire duka ba? To, gashin me kuma za a yi wa wurin da babu kome?" Ban ga laifinsa ba, domin tambaya ce ta mai hankali, kuma aljihunsa ya riga ya ji jiki. Da yake ni ake yi wa kallon ɗan boko a gidan, sai aka ɗora mini in koma in tambayo, in kuma bincika. Abin da na samo shi zan shimfiɗa muku.

Farkon abin da na lura da shi shi ne, Hausarmu ma tana da hannu a cikin ruɗanin. Kalma ɗaya gare mu, jijiya, da ita muke kiran abubuwa dabam-dabam. Wadda ma'aikacin asibiti ke nema a bayan hannu in zai ɗaura ruwa jijiya ce, wadda mahauci ke fama da ita a jikin nama jijiya ce, wadda in ta mutu hannu ya shanye, ita ma jijiya ce. Likita kuwa ya rarrabe su, kuma a maganar ciwon harshe hanyoyi uku ne ke damunsa. Akwai jijiyar saƙo, wani farin zare ne mai kama da wayar lantarki a cikin rigarta. A kowane gefe na harshe akwai wadda ke kai labarin taɓi da zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa, akwai kuma wadda ke kawo umurnin motsi. Akwai jijiyar jini, wadda kowa ya sani. Sa'an nan akwai wasu 'yan magudanai sirara ƙwarai, masu ɗauke da wani ruwa garai-garai irin wanda kan tsattsafo in mutum ya ƙuje, su ne ke zuba a cikin kaluluwa. Wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa ya ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi ya san aikinsu. Na harshe a wuya suke zuba.

Shi ciwon daji ba wata ƙwayar cuta ba ce da ke shigowa daga waje. Ƙwayoyin halittar fatar harshe ne da kansu suke lalacewa, su yi ta haihuwa ba tsayawa, suna nutsawa cikin nama. In da a wuri ɗaya suke taruwa kamar curin fura, da wuƙa ta gama da su. Illar ita ce suna neman hanya. In suka tarar da jijiyar saƙo sai su lafe a jikinta, ko su shiga tsakaninta da rigarta, su yi ta binta a hankali. Abin ya yi kama da yaɗon dankalin Hausa, wanda duk inda ya taɓa ƙasa sai ya kafa saiwa. Ka tuge gindin, can gaba yana nan da ransa. Sabo da haka likita na iya yanke mikin tare da naman da ke kewaye da shi, a duba gefen yankan a ga tsab yake, alhali wasu 'yan ƙwayoyi sun riga sun bi jijiya sun wuce inda wuƙa ta tsaya. In babbar jijiya ce suka kama, suna iya binta har gindin ƙoƙon kai.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a shekarar 1835 wani likitan Faransa mai suna Cruveilhier ya rubuta cewa ya ga ciwon daji yana bin jijiya. An daɗe ana zaton sauƙin hanya kawai yake bi, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna abin ya wuce haka, domin jijiyar tana fitar da wasu sinadarai na girma waɗanda ke jawo ƙwayoyin dajin, su kuma suna fitar da nasu masu sa jijiyar ta yi rassa zuwa gare su. Kai, Allah da iko yake, jijiyar da aka halitta domin ta tsare harshe daga ƙuna ita ce cuta ke mayarwa tsani.

A nan ne na gane ciwon kunnen Baffa da mutuwar gefen harshensa. Jijiyar da ke kai labarin harshe da wadda ke kai labarin gefen kunne rassa ne na babbar jijiya guda, shi ya sa ƙwaƙwalwa kan rikice ta ɗora wa kunne ciwon da ke harshe. Mutuwar wurin kuwa alama ce cewa jijiyar kanta ta taɓu. In ta motsi ce ta taɓu, sai a ga mutum ya zaro harshe ya karkace zuwa gefen da ke ciwo. Ba kowane ciwon kunne ne ke da wannan ma'ana ba, amma miki a harshe da ya haura mako 3 bai warke ba, ga ciwon kunne a gefe guda, ga kunne lafiya lau, wannan ya fi ƙarfin kemis.

Hanya ta biyu da ta uku ba su bukatar dogon bayani ga mutumin Gombe. Abin da aka zubar a kwata da damina ba a ƙofar gidan da aka zubar ake tsintarsa ba, sai can inda kwari ya kai shi. In ƙwayoyin dajin suka huda 'yan magudanan nan, kaluluwar wuya ce zangonsu na farko. In jijiyar jini suka huda, tafiyar kan yi nisa, galibi zuwa huhu. Likitoci sun daɗe suna cewa da zarar ciwon dajin baki ya sauka a kaluluwar wuya, damar tsira kan ragu da kusan rabi. Kuma a cikin masu ƙaramin ciwon harshe waɗanda ba a jin kome a wuyansu, wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 10 cutar ta riga ta isa can, sai dai ba ta yi girman da hannu ko hoto zai gane ta ba.

To, ashe wannan ne dalilin buɗe wuyan Baffa. Kuma ba ra'ayin likita ɗaya ba ne. Ƙasar Indiya, sabo da yawan tauna taba da wani ɗan itace da suke haɗawa da ita, tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon dajin baki a duniya, waɗanda ƙididdigar shekarar 2022 ta nuna sun kai wajen sababbin mutum 390,000 a shekara. A asibitin Tata Memorial da ke birnin Mumbai aka yi wani gwaji wanda aka buga sakamakonsa a 2015. Aka ɗauki mutum 500 masu ƙaramin ciwon dajin baki, yawancinsu na harshe, waɗanda ba a ga kome a wuyansu ba. Wajen rabinsu aka kwashe musu kaluluwar wuya tun ranar aikin farko, sauran kuwa aka zuba ido, sai kumburi ya fito a yi musu. Bayan shekara 3, kashi 80 cikin 100 na kashin farko suna raye, na biyu kuwa kashi 67.5 ne. A wuyan Baffa an kwashe kaluluwa sama da 20, aka tarar da cutar a cikin guda ɗaya. Da an bi ta masu gunaguni, da tana nan tana girma.

Sa'an nan akwai maganar zurfi. A da, in za a auna matsayin wannan ciwo faɗinsa ake dubawa. Daga shekarar 2018 ƙa'idar da likitocin duniya ke aiki da ita ta sake, aka shigar da zurfin da ciwon ya nutsa a cikin naman harshe. Wanda faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, zurfinsa kuma bai wuce milimita 5 ba, yana mataki na farko muddin bai kai wuya ba. In zurfin ya haura milimita 5, ko da faɗin bai ƙaru ba, ya hau mataki na gaba, kuma milimita 10 ma wata iyaka ce. Mai karatu ya tuna cewa milimita 5 ba ta fi ƙwayar dawa da kaɗan ba. Dalilin kuwa a fili yake, gwargwadon nutsawar ciwon gwargwadon jijiyoyi da magudanan da zai ci karo da su. Na Baffa milimita 7 ne. Mutum biyu na iya zuwa asibiti rana ɗaya da miki mai faɗi ɗaya, likita ɗaya ya yi musu aiki, ɗaya ya tafi ke nan har abada, ɗaya ya dawo kafin shekara da kumburi a wuya. Ido ba ya raba su. Madubin likita ne ke raba su, bayan an yayyanka naman da aka cire siriri-siriri an rina shi an duba.

A nan zan faɗi ra'ayina game da maganar nan ta daji ba ya son ƙarfe. Ban yarda cewa iyayenmu ƙarya suka ƙirƙira ba. Abin da suka gani ne suka faɗa: an yi wa mutum aiki, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo da ƙarfinsa, ya fito a wuya, ya tafi da shi. Inda suka yi kuskure shi ne wajen ɗora wa wuƙa laifi. Cutar ta riga wuƙa kama hanya, tun a watannin da aka ɓata ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Kuma kowane wata da aka ƙara ana gudun ƙarfe, ita tana ƙara nutsawa ne tana neman jijiya. Wannan imani shi ke haifar da jinkirin da ke gaskata shi.

Yanzu bari in koma kan tambayar yayana. Takardar ta ce gefen yankan tsab yake, watau likita bai yi ƙarya ba da ya ce ya cire duk abin da ake gani. Amma ta ce an ga ƙwayoyin dajin a jikin jijiyar saƙo, an gan su a cikin 'yan magudanai, an gan su a kaluluwa ɗaya. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu waɗannan alamu sun fi saura yawan ganin ciwon ya dawo, a harshen ko a wuya, kuma sun fi saura yawan rasa rai. Gashin, watau haska wurin da wani haske mai ƙarfi daga na'ura, an yi shi ne domin 'yan ƙwayoyin da suka wuce wuƙa, waɗanda babu hoton da zai nuna su. Akan yi shi kwana 5 a mako, wajen zama 30, kuma ana so a fara cikin mako 6 da yin aiki, tun kafin ragowar su sake yawa. Da a ce cutar ta taɓa gefen yankan, ko kuwa ta fasa kaluluwar ta fito waje, da sai an haɗa da kemo, da wani magani mai suna cisplatin, kamar yadda wasu manyan gwaje-gwaje biyu na Turai da Amurka suka tabbatar a shekarar 2004. Baffa bai kai nan ba, mun gode Allah.

Kada kuma in tsorata kowa fiye da kima. Ganin waɗannan alamu a takarda ba hukuncin mutuwa ba ne, mutane da yawa da aka gan su a jikinsu sun yi gashi sun rayu. Su kansu likitoci suna da saɓani a kan wanda ciwonsa ƙarami ne ƙwarai kuma alama ɗaya tak aka gani, ko lalle sai ya yi gashi ko a zuba masa ido, domin gashin ma da wahalarsa. Baki kan yi gyambo, ɗanɗano kan tafi, yawu kan ƙafe, kuma tilas ne a gyara ko a cire ruɓaɓɓun haƙora kafin a fara, don kada ƙashin muƙamuƙi ya lalace daga baya. Abin da ba su yi saɓani a kansa ba shi ne, ba a yanke wannan shawara sai da takardar. Mu kuwa mutanenmu da yawa da zarar an warware ɗinki an sallame su, ba su sake waiwayar asibiti, takarda na can ajiye ba wanda ya karɓa. Wanda ya karɓa ma sai ya ga Turancin likita ne, ya ninke ya jefa a ƙarƙashin katifa. Ba sai ka iya karanta ta ba. Ka zauna gaban likita ka ce, ranka ya daɗe, gefen yankan tsab yake? Zurfinsa nawa? Ya bi jijiya ko ya shiga magudana? Kaluluwa nawa ya kama, kuma ya fasa ta? Hakkinka ne a amsa maka da harshen da kake ji.

Na koma gida na yi wa yayana wannan bayani a zaure, da misalin dankalin da kome. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji. To, kuɗin fa?" Nan ne bokona ya ƙare. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani asusu na tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, aka fara da asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Abu ne mai kyau, sai dai lokacin da aka fara shi cututtuka uku ya ɗauka, sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ta maza. Ina roƙon masu riƙe da wannan asusu su tuna da masu ciwon baki da wuya, domin su agogonsu na mako 6 ne, kuma talaka ba ya haɗa kuɗin gashi da na mota da na masauki a cikin mako 6 sai ya sayar da wani abu.

Mu fili muka sayar, wanda Baffa ya ajiye domin ƙananan 'ya'yansa, kuma da yake mai saye ya san muna cikin matsi, bai saya da daraja ba. Mako ɗaya ya tafi a gardama, mako biyu a neman mai saye, sa'an nan aka shiga neman layi, har aka samu a wani asibiti a wata jiha. Ranar da aka kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura ana cikin mako na takwas ne da yin aiki, watau mun makara da mako biyu, kuma wannan abu har yau yana ci mini rai, domin da na je na tambayo tun ranar da takarda ta fito, da makon gardamar nan bai salwanta ba.

Yanzu ya haura shekara da gama gashi. Ya koma kan kekensa, da gorar ruwa a gefe, don bakinsa ba ya tara yawu, kuma tuwo sai an sassauta masa da miya mai yawa. Wasu haruffa sun ƙi zama masa, in ya kira sunan jikarsa sai yara su yi ta dariya, shi ma ya taya su. An gaya mana cewa yawancin masu dawowa a cikin shekara 2 na farko suke dawowa, sabo da haka ba ya fashin ranar asibiti, inda likita kan sa yatsa ya laluba harshen, ya bi wuyan hagu da dama a hankali. Da na je gaishe shi a makon jiya na ce, "Baffa, yaya ƙarfin jiki?" Sai ya ajiye almakashi, ya kama hannuna ya ɗora a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ta dama, gefen da ba a yi wa aiki ba, ya ce, "Taɓa nan ka ji, ɗana, tun shekaranjiya nake jin kamar wani ɗan abu, ko kuwa mura ce?" Na taɓa, na ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa, yana motsi a ƙarƙashin yatsa. Ranar da aka ba shi sai nan da mako uku, amma mun yi waya an ce mu zo ran Litinin da safe.